Couch to 5K ga mai asma da ke son rage ƙiba

Couch to 5K, wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5, tsari ne na koyon gudu na mako 9 da wani Ba'amurke, Josh Clark, ya ƙirƙiro a 1996 don wanda bai taɓa gudu ba. Daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta rungume shi, kuma yanzu manhajojin waya masu ɗauke da shi sun yi yawa. Ana fita sau uku a mako, da hutun rana a tsakani. Ni dai ƙiba ce ta kai ni, ga asma tun ina yaro, shi ya sa na shiga da ɗari-ɗari.

Abin da ya fi burge ni shi ne makon farko. Za ka yi tafiya mai sauri ta minti 5, sannan gudu na daƙiƙa 60, tafiya ta daƙiƙa 90, haka har minti 20. Mai lafiyayyen huhu zai ce wasan yara ne. Ga mai asma kuwa, wannan tsinka-tsinkar ita ce rufin asiri. Idan mutum na gudu yana shaƙar iska da baki, hanyoyin numfashi na bushewa su tsuke, sau da yawa ma tarin da ƙugin ƙirji sun fi tsananta bayan an tsaya. Tafiyar da ke tsakani tana ba ƙirji damar hucewa kafin abin ya taru.

Sai dai manhajar ba ta san kana da asma ba, ba ta kuma san hunturun Kano ba. Ranar da hazo ya rufe gari, ƙura ta hau har kan ganyen darbejiya, fita da asuba neman magana ne. Na mayar da fitar zuwa bayan la'asar, in ƙurar ta yi yawa kuma in yi tattakina a tsakar gida. Likitana ya ce in shaƙi salbutamol, wato inhela mai shuɗi, kamar minti 15 kafin in fara, kuma kada ta bar aljihuna. Ya ƙara jan kunnena kan ta kariya wadda ake shaƙa kullum, don ita ke kwantar da kumburin ciki. Mai shuɗin buɗe hanya kawai take yi na ɗan lokaci. Kowa ya tambayi nasa likitan, ƙirji ba ɗaya ba ne.

A mako na biyar aka yi ta ta ƙare. Fita ta uku gudun minti 20 ce ba tsayawa. Ban iya ba, na koma baya na maimaita makon har numfashina ya daidaita, kuma tsarin bai hana hakan ba. Gudun nawa ma sassarfa ce, wadda zan iya magana a cikinta.

Batun ƙiba fa, kada a sa rai da yawa. Sikeli bai motsa sosai ba sai da na rage tuwon dare da lemon kwalba. Wando ne ya fara sakin ƙugu, hawa bene kuma ya daina sa ni haki. Sunan 5K ɗin ma kada ya ruɗe ka: makon ƙarshe gudun minti 30 ne, ni kuma a minti 30 ban kai kilomita 5 ba har yau.