Gidan tarihin Capitolini a Rum: ku je don fuskokin nan

In dai ka shiga birnin Rum kuma kana da sha'awar tarihi, bayan Colosseum, tsohon filin wasan Rumawa, ka ware rabin yini don Musei Capitolini, wallahi kuɗin tikitinka ba zai tafi a banza ba. Asalin wurin tun 1471 ne da Fafaroma Sixtus na 4 ya bai wa mutanen birnin wasu mutum-mutumi na tagulla, sai a 1734 aka buɗe shi wa kowa da kowa. Gine-gine biyu ne suna kallon juna, akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa su, tikiti ɗaya.

Ni dai ɗakin sarakunan Rumawa ya fi tafiya da ni. Kawuna ne na dutsen marmara jere a kan kanta bi da bi yadda suka yi mulki, kana tafiya kana ganin yayi yana canzawa. Augustus ya rasu yana da shekara 75 amma ko a ina ka ga fuskarsa saurayi ne sumul babu tamoji ko ɗaya, siyasa ce kawai, mutum ya hana a nuna tsufansa. Kusan duk haɓarsu a aske take har sai ka iso kan Hadrian da ya hau mulki a shekarar 117 miladiyya, shi ya bar gemu irin na Girkawa, daga nan kuma kowa sai gemu. Akwai wata mata ta zamanin gidan sarautar Flavius da aka tara mata gashi a goshi cunkus, kowane murɗi an huda shi da abin huji, ka matsa kusa ka leƙa ramukan, aikin ya wuce wasa.

Ɗakin masana falsafa na kusa bai kama ni haka ba gaskiya, yawancinsu kwafi ne da Rumawa suka yi daga aikin Girkawa, gemu da gemu har ido ya gaji, Socrates kaɗai za ka gane nan take saboda sanƙo da ɗan guntun hancin nan nasa.

A ɗaya ginin ne sarki Commodus yake, ya yafa fatar zaki a ka ya riƙe kulki wai shi Hercules, gwarzon tatsuniyar Girkawa, an goge dutsen sai sheƙi yake, kana kallonsa ka san girman kai ya yi masa yawa, a shekarar 192 aka shaƙe shi. Babansa Marcus Aurelius kuma yana bisa doki, na tagulla, kuma abin da ya cece shi daga narkarwa shi ne an daɗe ana zaton mutum-mutumin Constantine ne, sarkin nan da ya karɓi Kiristanci. Wanda ke tsakar fili a waje kwafi ne fa, kar ka ɗau hoto ka juya, na ainihin yana ciki. Ka sa takalmi mai daɗi, matakala da yawa.