Fasfon Jamus ta Gabas ko na Yamma: wanne ya cancanci kuɗinka?

Mai son tara tsofaffin takardun tafiya na zamanin da Jamus ta rabu biyu, wato daga 1949 zuwa 3 ga Oktoba 1990, zai tarar da kaya iri-iri a kasuwannin intanet, kowane mai sayarwa na rantsuwa nasa ba shi da na biyu. Kada bango ya ruɗe ka. Hatiman da ke ciki su ne abin sayen, su za ka fara dubawa kafin ka tambayi farashi.

Koren fasfon Jamus ta Yamma, wanda aka yi amfani da shi har 1988, ya yi yawa a kasuwa. In yana da hatiman ratsawa zuwa Berlin ta mashigar Marienborn ko ta Drewitz, kuma da araha, ɗauki ɗaya don kwatance. Jan fasfon jakadun Gabas kuwa tsada ce zalla, bar wa masu kuɗin banza.

Ni dai nawa shi ne shuɗin fasfon talakan Jamus ta Gabas, mai tambarin guduma da kamfas ɗin zane a cikin zoben zangarniya, musamman na ɗan fansho. Bayan an fara gina katangar Berlin a 13 ga Agusta 1961, matashi mai jini a jika ba ya ko mafarkin tsallakawa Yamma. Amma daga Nuwamban 1964 gwamnati ta ƙyale tsofaffi su riƙa ziyartar dangi a can, mata daga shekara 60, maza daga 65. Lissafinta a fili yake: sun gama yi mata aiki, in ma sun ƙi dawowa ta huta da biyan fansho. Shi ya sa fasfon wata tsohuwa daga Leipzig kan fi na babban ma'aikaci cika. Buɗe shi ka gani: bizar fita daga ofishin 'yan sanda, sai hatimin iyaka ɗauke da ɗan zanen jirgin ƙasa ko mota, da sunan mashiga, sau da yawa tashar jirgin ƙasa ta Friedrichstrasse a Berlin, inda zauren bankwana ya samu laƙabin fadar hawaye. Can wajen shafukan baya kana iya cin karo da alamar kuɗin maraba da Jamus ta Yamma ke bai wa baƙi daga Gabas, wanda ya kai mak 100 na kuɗin ƙasar daga 1987. Ana buga alamar ne don kada mutum ya karɓa sau biyu. Kuma masu buga hatimin iyakar nan, ko da yake kakin sojan iyaka ne a jikinsu, ma'aikatan hukumar leƙen asiri ta Stasi ne. Duk wannan a ɗan littafin da bai wuce tafin hannu ba, kuma farashinsa bai kai na jakadu ba ko kusa.

Akwai wasu biyu da nake ɗaga wa hula. Na farko koren katin shaidar wucin gadi na mazauna Berlin ta Yamma, wanda ba shi da mikiyar tarayya, wato tambarin Jamus ta Yamma; da shi suke tafiya Gabas, domin ƙasashen gurguzu ba su yarda birnin ɓangaren Jamus ta Yamma ne ba. Na biyu takardar tafiya da ofishin ƙasashen ƙawance, wato Amurka da Birtaniya da Faransa, a Berlin ke bai wa mutanen Gabas masu zuwa ƙasashen NATO har zuwa 1970. Wannan ba ta cika fitowa ba, in ta fito kuma sai aljihu ya ji jiki.

To, ga inda gizo ke saƙa. Bayan haɗewar ƙasar, takardun da ba a cike ba da tsofaffin hatimai sun bazu a hannun 'yan gwanjo, kuma mai wayo na iya haɗa su ya ƙago mutum da tarihinsa. Wani mai sayarwa ya taɓa aiko min da fasfon da aka sauya wa hoto: rabin hatimin yana kan takarda, amma a kan hoton babu komai. Tun daga nan ba na duba komai kafin hoto. Dole hatimin ya hau kansa ya sauka a takarda ba tare da yankewa ba, kuma shekarun fuskar su dace da ranar haihuwa. Sai ka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya: duk fita tana da dawowa, kuma ba a buga hatimi kafin ranar da aka ba da fasfo. Tsohon littafi mai tawada sabuwa fil abin tuhuma ne.

Wanda ya fi buƙatar hattara shi ne katin shaidar daren 9 ga Nuwamba 1989, daren da aka buɗe katangar Berlin. A mashigar Bornholmer Strasse, jami'ai sun fara da buga wa wasu hatimi a kan hoto, alamar ɓoye cewa ba za a bar su su dawo ba, kafin cincirindon jama'a ya fi ƙarfinsu su buɗe shinge. Labarin gaskiya ne, shi ya sa kowa ke son ya sayar maka da shi. In ba a gaya maka hannun da ya fito ba, ka wuce abinka. Haka nan hatiman Checkpoint Charlie, tsohuwar mashigar baƙi a Berlin, da aka daɗe ana buga wa 'yan yawon buɗe ido a bakin titi, kayan tsaraba ne kawai.

Kwanan wata na bayan 1990 shi kaɗai ba ya nuna jabu, domin fasfon Gabas ya ci gaba da aiki har ƙarshen 1995. Huda ko yanke kusurwa ma ba aibi ba ne, alamar soke shi ce daga hukuma. Kafin ka biya, nemi hoton kowane shafi, har da waɗanda babu rubutu, ka ƙirga su da kanka. Mai sayarwar da ya tsaya kan hoton bango da shafi ɗaya, kada ka tura masa ko sisi.