Wasiƙa daga Birmingham: manya biyu a aji ɗaya

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara, da duk malaman makarantarku. Ya aiki, ya hunturu?

Kin ce in daina yanko miki labari guntu-guntu a waya, in zauna in rubuta yadda zaman nan yake da irin aikin da nake yi, don ki karanta wa malamanki a ofis. To ga shi. Na bar shi a fili saboda sauran 'yan uwa malamai na Kaduna su ma su gani.

Cefane dai ba shi ne matsala ba. Madara, burodi, ƙwai, taliya da dankalin Turawa suna da sauƙi idan aka auna su da abin da mutum ke samu a awa ɗaya. Naman halal yana nan birjik a Alum Rock da Small Heath, inda Musulmi suka yi yawa. Doya kuwa sai ki riƙe baki idan aka ɗora ta a sikeli, kuka da daddawa sai an yi saƙo daga gida. Ba a ɗauke wuta, famfo ba ya ƙafewa, amma kuɗin haya da na ɗumama ɗaki su ke cinye kaso mafi tsoka na albashi. Abin da ya fi komai tsada shi ne duk aikin da hannun mutum zai yi miki: kitso, aski, gyaran famfo, reno, ɗinki. Kuɗin da tela zai karɓa a nan don ya rage miki tsawon siket zai ɗinka miki atamfa sukutum a Kasuwar Barci.

Daga nan mamakina ya taso. A ƙasar da hannun mutum ya fi kaya tsada, makarantar gwamnati da ba a biyan ko sisi ta ajiye manya biyu a ajin ƙananan yara. Mu kuma da masu NCE suka cika unguwanni suna jiran ɗauka, malami ɗaya muke bar wa yaran da ba ya ma iya ƙirga su kafin a tashi. Doka a Ingila ta hana ajin yara masu shekara 5 zuwa 7 ya wuce 30 ga malami ɗaya. Tsarin iliminmu na ƙasa ma ya ce 35 a firamare, amma kin san ajin da na riƙe a Rigasa, yara sun haura ɗari, wasu a kan taga, wasu a bakin ƙofa. Mataimakan malamai a Ingila kaɗai sun wuce dubu 280, kuma akasarinsu mata ne irina.

NCE ɗina ba ta isa a ba ni aji a nan ba, sai mai digiri da shaidar koyarwa tasu. Na nemi aikin mataimakiya. Kafin in taka aji, sai da aka bincika sunana a hukumar DBS, wadda ke tantance ko mutum yana da laifin da zai hana shi aiki da yara. Da yake daga waje na zo, aka ce in kawo takardar shaidar hali daga 'yan sandan Najeriya, da mutum biyu da za su tsaya min. Mai shara da mai dafa abinci ma haka ake yi musu. Babu wata takarda guda da doka ta wajabta wa mataimaki, amma makarantu na neman shaidar Turanci da lissafi, kuma akwai kwas mataki na 2 da mataki na 3 na tallafa wa koyarwa. Wasu suna yin na ukun ne suna aiki ana biyan su, wajen wata 18. Sama da wannan akwai babban mataimaki, wanda aka yarda ya riƙe aji shi kaɗai na ɗan lokaci. Wannan matsayi ya samo asali daga yarjejeniyar da gwamnati ta yi da ƙungiyoyin ma'aikatan makarantu a 2003 don rage wa malamai nauyi. Daga 2005 kowane malami yana da kashi 10 cikin 100 na lokacin koyarwarsa a ware don shirya darasi da duba aikin yara. Ki tuna yadda muke kwasar littattafan yara zuwa gida muna maki da fitilar waya.

Ajin da nake ciki na 'yan shekara 5 zuwa 6 ne. Da safe ina bakin ƙofa ina karɓar yara, ina duba fuskar kowa: wa ya zo da kuka, wa bai yi barci ba, wa ya zo ba rigar sanyi. Bayan kiran suna sai karatun sautin haruffa. Malama ta ɗauki rukuni, ni in ɗauki yara biyar ko shida a wani teburi mai siffar rabin wata, ina tsakiya suna kewaye da ni, kowa da ɗan farin allonsa da alƙalamin gogewa. Minti ashirin ne kacal. In ɗaga kati, su furta sautin, su haɗa sauti uku su fitar da kalma, su rubuta, su ɗaga allo in gani. A ƙarshen wannan aji gwamnati na gwada kowane yaro da kalmomi 40, tun 2012 ake yin haka, saboda haka ba a wasa da waɗannan mintuna. Wanda ya kasa yau, ina rubuta sunansa da sautin da ya ba shi wuya a wata 'yar takarda, kafin azahar na sake zama da shi minti biyar a lungun aji.

Akwai wani yaro da ke da lalurar galahanga, wadda Turawa ke kira autism. Hayaniya tana firgita shi, ba ya son a canza masa tsari ba zato. Muna da jerin hotuna manne a gefen teburinsa: littafi, lissafi, wasa, abinci, gida. Duk abin da aka gama, shi da kansa yake cire hoton ya jefa a ambulan. Idan za a buga ƙararrawa ina nuna masa abin toshe kunnensa tun da saura minti ɗaya. Da farko ƙarƙashin teburi yake wuni. Yanzu yana zama a kan kafet tare da sauran yara har a gama tatsuniya. Yaya, duk lokacin da na kalle shi sai in tuna yaran da muke ce wa masu taurin kai ko daƙiƙai, waɗanda iyayensu suka gaji suka cire su daga makaranta. Irin wannan yaro a nan yana iya samun takardar doka, tun dokar 2014, da ke fayyace taimakon da ƙaramar hukuma za ta biya masa, kodayake iyaye na shan jira da zirga-zirga kafin ta fito.

Horon da ake ba mu ba na allo kaɗai ba ne. Na yi kwas ɗin agajin gaggawa na yara, awa 12, ana sabunta shi bayan shekara 3. An koya mana allurar da ake soka wa yaro a cinya idan jikinsa ya ƙi wani abinci numfashinsa ya fara sarƙewa. Gyaɗa na cikin waɗanda ke kan gaba a wannan, makarantarmu ta hana shigowa da ita kwata-kwata, don haka ƙuli-ƙuli ba ya shiga jakar 'ya'yana. An koya mana cewa idan yaro ya fara faɗin wani abu da ake yi masa a gida, kada ki yi masa alkawarin ɓoye sirri, kada ki sa masa magana a baki, ki rubuta da kalmominsa ki miƙa wa jami'in kare yara na makarantar a ranar. Bulala kuwa an haramta ta a makarantun gwamnati tun 1987. Wanda ya saba da tsumagiya sai ya koyi riƙe yara da ido da murya da tsari, kuma wallahi ana riƙe su.

Amma kada ki ɗauka da an ƙara babba a aji shi ke nan. Su kansu sun sha mamaki. Wani babban bincike da Farfesa Peter Blatchford ya jagoranta a Cibiyar Ilimi ta Landan, daga 2003 zuwa 2009, ya gano cewa yaran da suka fi samun taimakon mataimaki su ne suka fi ja baya a karatu, ko da an kwatanta su da yara masu irin matsalarsu. Masu binciken ba su ɗora laifin a kan mataimakan ba, sun ɗora shi a kan yadda ake amfani da su. Malami mai horo yana tsayawa da yara masu ƙoƙari, a tura masu rauni lungu wajen wanda ya fi ƙarancin horo. Shi kuma mataimakin, saboda tausayi da son a gama aiki, sai ya riƙa faɗa wa yaro amsa. Yaro ya cika shafi, bai koyi komai ba. Ga shi an shiga aji ba tare da malami ya gaya masa me za a koyar ba.

Wannan shi ne darasin da ya fi tsaya min a duk horon. Yanzu ana koya mana mu fara da taimako mafi ƙanƙanta. Yaro ya maƙale, ki yi shiru tukuna, ki bar shi ya yi ta kokawa. Bai fita ba, ki tambaye shi me zai fara yi. Bai fita ba, ki ba shi ɗan haske. Sai duk sun gaza sannan ki yi misali yana kallo, shi kuma ya yi nasa. Riƙe hannu a baya yaro yana kallonki da ido yana neman ceto ba ƙaramin aiki ba ne. Malamar da nake tare da ita kuma muna musanya: wata rana ita ce kan teburin masu rauni, ni ina zagaya sauran aji. Kullum kafin yara su shigo muna da 'yan mintuna ta nuna min inda darasi ya dosa.

Albashin kuwa, gaskiya bai kai aikin ba. Mafi ƙarancin albashi a nan ya koma fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, kuma na mataimaki bai ɗara shi da yawa ba. Sannan makonnin karatu ake lissafa mana, 39 a shekara, da 'yan kwanakin hutu, awoyin kuma ba su cika na cikakken aiki ba. Na ga ƙwararrun mata da suka san yara ciki da bai sun ajiye aikin sun koma manyan kantuna. Idan kuɗin makaranta ya yi ƙasa, mataimaka ake fara ragewa, ko a tura su riƙe ajin malamin da bai zo ba. Wannan ɓangaren kada mu kwaikwaya.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. A makarantar allo gardi ne ke biya wa ƙolo karatu, ya duba masa allo kafin ya kai gaban malam, kuma gardin ya bi ta hanyar da yake koyarwa. A boko ne muka bar gurbin ga monita, yaro ɗan shekara tara da sanda yana rubuta sunan masu surutu. Makarantun kuɗi na Barnawa da Malali suna da anti a ajin nazare, amma yawanci aikinta ya tsaya a kai yara bayi da ba su abinci, ba wanda ya koya mata yadda yaro ke fara karatu. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya turo matasa masu takarda a matsayin mataimakan malamai kan naira dubu 30 a wata. Da yake malaman ba su isa ba, a makarantu da yawa aji sukutum aka miƙa musu, wa'adinsu na cika suka tafi da abin da suka koya.

Na san abin da za ki ce: malaman ma ba su isa ba, ina maganar mataimaki? Kina da gaskiya. Ban manta 2017 ba, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta ce malamai 21,780 cikin kimanin dubu 33 sun faɗi jarrabawar gwaji, aka sallame su, aka shiga ɗaukar sababbi. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, amma ko malamin da ya cinye jarrabawar duka ba zai iya sauraron karatun yara ɗari ɗaya bayan ɗaya ba. Ba na cewa a cika kowane aji da mataimaka, ba na kuma so a mayar da su malamai masu araha. Aji ɗaya da aji biyu nake magana, inda yaro ke kama karatu ko ya kuɓuce masa. Wanda ya wuce aji uku bai iya haɗa baƙi ba, mun san yadda yake ƙarewa: kwafa daga allo har aji shida.

Wurin horo kuwa muna da shi a ƙofar gida. Hedikwatar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, tana nan kan hanyar Zariya tun 1976 aka kafa ta. Ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya, ga manyan makarantun horar da malamai na Zariya. Kwas na 'yan watanni zai wadatar a farko: koyar da sautin haruffa da Hausa, ƙirga da tsakuwa da murfin kwalba, agajin gaggawa, gane yaron da ba ya ji ko ba ya gani sosai, da yadda ake taimako ba tare da faɗin amsa ba. Ɗaliban da ke zuwa muku koyon aikin koyarwa ma, maimakon a sakar musu aji malama ta tafi ofis, a bar su tare su raba yaran.

Wannan na ƙarshen ba ya buƙatar takarda daga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ikonki ne na shugabar makaranta. Ki gwada a aji ɗaya zangon nan: malama ta ɗauki waɗanda ba su san haruffa ba ƙarƙashin darbejiyar nan ta bayan ofis na rabin awa kullum, ɗalibar ta riƙe sauran da aikin da suka shirya tare tun da safe. Idan kwamitin al'umma mai kula da makaranta, SBMC, ya yarda a nemo masu NCE na unguwa su taimaka, a yanka musu wani abu tabbatacce duk wata, kuma kada a ɗauki kowa sai mai unguwa da limami da matan kwamitin sun tsaya masa, tunda ba mu da hukumar da za ta tantance mana. Ki rubuta sunayen yaran da haruffan da kowa ya sani a makon farko, ki sake gwada su kafin hutu, ki turo min. Zan ɗauki hoton katunan da muke amfani da su in aiko miki ta WhatsApp, sai malamanki su yanka kwali su yi na Hausa.

A gaida Inna da kyau, a ce mata jikokinta suna lafiya. Wassalam.