Sabon katin girafik na sarƙewa: goge direba ko sauya fawa?

Samarin da ke buga gem a Kaduna sun dame ni da tambayar nan, wai sun sa sabon kati mai sarrafa hoto amma kwamfuta na cijewa ko ta mutu.

Goge direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da katin, kyauta ne. Manhajar DDU za ka kunna a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, ta share ragowar tsohuwar direba, musamman in daga katin kamfanin AMD ka koma na Nvidia. Data kawai za ka ƙona, haɗari kusan babu. Amma ba ta ƙara wuta.

Fawa kuwa, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, sai an taɓa aljihu, an buɗe akwatin kwamfutar. Nvidia ta ce katinta RTX 3060 na son fawa mai wat 550, RTX 3070 kuma 650. In taka ba ta kai ba, goge direba sau goma aikin banza ne. Mai kyau takan kai ka har kati na gaba. Ta gwanjo marar suna, ga wutarmu mai hawa da sauka, ni dai ba na yarda.

Wanda gem ke cije masa ko ya rufe kansa, ya fara da direba. Wanda kwamfutarsa ke ɗaukewa ɗif tsakiyar wasa, ya duba fawa.