Gidan kallon da ya kunna mana tseren keke a Birnin Kebbi

Jama'a akwai wani gidan kallo nan wajen Badariya da nake so ku sani, don abin da mai wurin ya yi mini ban samu a ko'ina ba. Ni tseren keke ya shiga raina ne tun 2022 da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci Gent-Wevelgem a Beljiyam, baƙar fatar Afirka na farko da ya ci irin wannan babban tseren yini ɗaya, to amma kullum a waya nake kallo, ga cin data ga netwok da ke tsayawa daidai lokacin da abu ya yi daɗi.

Ranar Lahadi 13 ga Afrilu 2025 aka yi Paris-Roubaix, wani babban tseren keke na Faransa, na ce yau kam sai a talabijin. Gidaje biyu na fara zuwa duk suka ce yau ranar Firimiya ce, Liverpool na wasa, an jima kuma Man U. Na ukun na samu maigidan yana rubuta wasanni a allo na ce Alhaji don Allah ko za a taimaka mini da tseren keke. Ya ce "keke kuma ƙanena? keke dai wanda na sani?" Ya ɗauki rimot ya yi ta lalube har ya samo, ya bar mini ƙaramar talabijin ta lungu, kuɗin shiga kuma daidai da na kowa bai ƙara ko sisi ba.

Na zauna ba da jimawa ba masu tseren suka shiga hanyar da ta ratsa dajin Arenberg. Wallahi a waya ban taɓa gane munin hanyar nan ba sai ranar. Kilomita 2.3 ce miƙaƙƙiya, tsofaffin duwatsu ne aka jera ba kwalta, kowane da nasa tsayin, kana ganin hannuwansu na karkarwa kamar mai riƙe da injin niƙa. Tseren ya kai kusan kilomita 260 daga Compiègne zuwa Roubaix a arewacin Faransa, sama da 50 a ciki irin wannan dutsen ne, kuma tun 1896 ake yi.

Wani dattijo mai facin taya da ya shigo kallon ƙwallo shi ya fara dawowa bencina, ya ce yaro wace irin taya ce wannan da ba ta fashewa. Na ce Baba tana fashewa mana, sai dai masu faɗi suke sawa, milimita 30 zuwa 32, su rage iska don ta riƙa lanƙwasa kan dutse, yawanci ma ba tub a ciki, wani ruwa ake zubawa mai toshe ƙaramar huda da kansa. Ya daɗe yana jinjina kai. Kafin a jima mun kai mu bakwai.

Saura kusan kilomita 38 mutum biyu ne a gaba, Mathieu van der Poel na Holan da Tadej Pogačar na Sulobeniya, wanda mako guda kafin nan ya ci tseren zagayen Flanders na Beljiyam kuma wannan ne zuwansa na farko Roubaix. Pogačar ya shigo wata kwana da gudun da ya wuce kima ya faɗi, benci ya ɗauki salati har 'yan Liverpool suka waiwayo. A daidai nan aka ɗauke wuta. Abin da ya sa nake yaba wurin kenan, yaron gidan da gudu ya ja inji, ko minti biyu ba a yi ba hoto ya dawo. Mun ga lokacin da wani ɗan kallo ya jefi van der Poel da gora a fuska, raina ya ɓaci ƙwarai, mutum na cikin wannan wahala. Haka ya daure, tayarsa ma ta yi faci ya canza keke, ya shiga filin Roubaix inda ake ƙarewa shi kaɗai, ya ba Pogačar tazarar minti 1 da daƙiƙa 18, ya ci karo na uku a jere, abin da tun Francesco Moser a 1980 ba wanda ya yi. Da na faɗa wa Baba cewa kofin dutse ne guda irin na hanyar sai ya ce ai ya cancanta.

Inda wurin ya gaza shi ne zafi. Rufin kwano ne, kun san Afrilun Kebbi, fanka ɗaya ce a lungun kuma ba ta kaiwa bencin baya. Sauti ma an kashe mana saboda masu ƙwallo, kuma gilashin ƙarami ne sai ka matso kafin ka karanta tazarar da ke rubuce a sama. Amma akwai fiya wata mai sanyi da zoɓo, ga buta da tabarma a waje, ana gamawa muka yi la'asar nan take.

Da zan tafi Alhaji ya ce in kawo masa ranakun na baɗi da wuri, Flanders da Roubaix duka, zai rubuta su a allo ƙasan wasannin Firimiya, in mun kai mutum goma zai ba mu babbar talabijin da sautinta. Mu bakwai ne yanzu, duk mai sha'awa a garin nan ya yi magana.