Oba-oba ko na'urar gajeren zango: wacce ta fi dacewa da atisayen fili?

Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Tsakanin oba-oba da ake riƙewa a hannu da na'urar gajeren zango, wato rediyo mai aikawa da karɓar magana daga nesa, da ka yi tambaya a kansu saboda atisayen sadarwar gaggawa, shawarata ita ce ka daure ka tara kuɗi ka sayi ta gajeren zango.

Wadda nake da ita Xiegu G90 ce, ƙarfinta wat 20, tana aiki da batir mai bolt 12, kuma tana da abin daidaita eriya a cikinta, wanda ke rage wa mutum kaya da wahala a daji. Bara, bayan ɗaukewar damina, mun fita da ita bakin fadama a wajen Argungu, da batir ɗaya da faifan sola. Eriyarmu waya ce kawai mai tsawon kusan mita 20, rabi ta nan rabi ta can, muka ɗaure ta tsakanin darbejiya biyu ba tare da mun ɗaga ta sosai ba. Da gangan muka bar ta ƙasa-ƙasa, domin a haka saƙon kan miƙe sama, sararin samaniya ya mayar da shi, ya sauka a garuruwan da ke kewaye, ko da akwai tudu ko daji a tsakani. Da hantsi, a kan zangon rediyo na mita 40, muka kira abokinmu da ke Yauri, nisan sama da kilomita 200, ya amsa rangaɗau, har wani dattijo manomin shinkafa da ya tsaya kallonmu ya roƙi a tambayar masa ko ruwa ya janye a can. Idan dare ya yi sai a koma mita 80, ita kuwa tana buƙatar waya ninki biyu.

Wannan nisan shi ne abin nema, domin duk wanda ya ga ambaliyar da ta cinye gonaki da gadoji a Kebbi a 2020, ko ya tuna yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, ya san cewa a ranar buƙata wanda kake son ji ba a bayan gidanka yake ba.

Oba-oba kuwa, ina da ita, tana cikin jaka. Wat biyar ɗinta ya isa a yi magana da wanda ke ɗaya gefen filin, kilomita kaɗan ke nan, iyakarta.

Ka yi hattara da 'yan kasuwar da ke rantsuwa cewa oba-obarsu na kai kilomita 50, ko su liƙa wa batir lambar ƙarfin da ba shi da ita. Kada ka biya sai an kunna maka na'urar an gwada ƙarfin fitarta a gabanka, musamman idan ta hannu ce, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita.

Kafin duk wannan, ka nemi lasisin gwamnatin tarayya da lambar kiranka, wadda a Najeriya take farawa da 5N. Kuma a halin tsaron da ake ciki, kada ku kafa eriya a ko'ina sai kun sanar da mai gari da jami'an tsaro, kuna riƙe da takardunku.