Sharhin zuwanmu kallon besbol a filin Truist Park, bayan garin Atlanta

Shekara shida ke nan ina zaune da iyalina a jihar Jojiya ta Amurka, amma sai bana na taka ƙafata cikin filin wasan besbol, kuma ɗana na fari ne ya ja ni, domin abokansa na makaranta ba su da zance sai na ƙungiyar Atlanta Braves. Muka tsayar da wata Juma'a a watan Yuni, mu biyar: ni da uwargida da yara biyu da ƙanen uwargidan wanda ya zo mana hutu. Mun ji daɗin fitar ƙwarai, kuma zan sake komawa in Allah ya yarda, sai dai na fahimci cewa daɗin irin wannan fita ko wahalarta tun daga gida ake tsara su, kwana biyu ko uku kafin a tayar da mota. Dalili kuwa shi ne inda aka gina filin.

Filin Truist Park yana yankin Cumberland cikin gundumar Cobb, kimanin kilomita 16 arewa maso yamma da tsakiyar birnin Atlanta, daidai inda manyan hanyoyin I-75 da I-285 suka haɗu. An buɗe shi a 2017 da sunan SunTrust Park, aka sauya masa suna a 2020 bayan haɗewar bankunan da ke ɗaukar nauyin sunan, kuma yana ɗaukar mutum kusan 41,000. Kafin nan ƙungiyar tana wasa ne a Turner Field da ke cikin gari daga 1997 zuwa 2016. Wannan tsohon fili shi ne aka gina don gasar Olamfik ta 1996, kuma a cikinsa ne Chioma Ajunwa ta ciyo wa Najeriya zinare a dogon tsalle, abin da ya sa har yau ba na wuce shi ba tare da na waiwaya ba. Ƙungiyar ta kafa hujjar ƙaurarta da cewa yawancin masu sayen tikitinta a unguwannin arewa da birnin suke zaune, gundumar Cobb kuma ta zuba kusan dala miliyan 300 na kuɗin jama'a a ginin, lamarin da har yanzu wasu mazauna yankin suke muhawara a kansa.

Abin da wannan ƙaura ta haifar wa mai zuwa kallo shi ne cewa jirgin ƙasan birnin Atlanta, wanda ake kira MARTA, ba ya kaiwa filin, domin gundumar Cobb ba ta shiga tsarin jirgin ba tun da masu zaɓenta suka ƙi amincewa da shi a shekarun 1960. Akwai motocin bas da ke tasowa daga tashoshin jirgin da ke cikin gari zuwa Cumberland, kuma wanda yake shi kaɗai zai iya bin su, amma mai iyali da ƙananan yara, wanda zai dawo bayan ƙarfe goma na dare, da wuya ya sami abin da ya fi masa motarsa. Wasan daren ranakun aiki yakan fara ne da misalin ƙarfe bakwai da kwata, wato dai lokacin da ma'aikata suka taso suka cika waɗannan hanyoyi biyu, waɗanda ko ba ranar wasa ba cunkosonsu sananne ne ga duk mazaunin Atlanta. Mun bar gida ƙarfe huɗu da rabi, tafiyar da kan ɗauke mu minti talatin ta ci mana sama da awa guda, kuma ban yi nadamar wannan sammako ba ko kaɗan.

Wurin ajiye mota shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Babu wani babban fili guda ɗaya da ya kewaye ginin kamar yadda mutum zai yi zato. Wuraren ajiye motocin a warwatse suke, wasu benaye ne a kusa, wasu kuma filayen ofisoshi ne da ke nesa, har akwai waɗanda sai an bi gadar masu tafiya a ƙasa an tsallake I-285 kafin a iso. Ana sayen izinin ajiye motar ta intanet kamar yadda ake sayen tikiti, kowane wuri da sunansa da adireshinsa da farashinsa, kuma na kusa su ne masu tsada da saurin ƙarewa. Wani abokin aikina da ya daɗe yana zuwa ya ba ni shawarar da ta amfane ni, ya ce in zaɓi wurin da ke ɓangaren da zan fito daga gida, ko da ya fi nisa da ƙofar shiga, sannan in sa adireshin wurin ajiye motar a taswirar waya maimakon adireshin filin wasan. Na bi maganarsa, muka taka kimanin minti goma sha biyar a ƙasa, amma ba mu shiga tsakiyar cunkoson da ya dabaibaye filin ba, a zuwa da kuma a dawowa. A hanya mun ga motoci da yawa suna ta kewaye suna neman wuri, alamar masu su sun zo ba su saya ba tun daga gida.

Tikiti ma a waya yake, cikin manhajar MLB Ballpark, don haka ya kamata a sauke ta a buɗe tikitin tun kafin a iso, a kuma cika batirin wayar. Farashi yana hawa yana sauka gwargwadon rana da kuma ƙungiyar da za a kara da ita, kuma tun da kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka ɗaya, 81 daga ciki a gida, mai haƙuri ba zai rasa daren Talata ko Laraba mai sauƙin kuɗi ba. A cikin filin da kati ko waya ake ciniki, ba a karɓar tsabar kuɗi. Ba a kuma shiga da manyan jakunkuna, sai 'yar ƙaramar jakar hannu da jakar kayan jarirai ko ta magani, abin da uwargida ta ji daɗin saninsa tun muna gida, domin wanda aka mayar daga bakin ƙofa sai ya sake taka duk wannan nisa zuwa motarsa.

Batun abinci shi ne inda tsarin filin ya fi burge ni. An yarda kowane mai tikiti ya shigo da abincinsa daga gida muddin yana cikin leda guda wadda ake ganin abin da ke cikinta, mai girman galan ɗaya, tare da gorar ruwa ta roba da ba a buɗe ba. Ga Musulmi wannan babban sauƙi ne, domin abincin da aka fi sani da filin besbol shi ne tsiren nama a cikin burodi, wanda sau da yawa mutum ba zai tabbatar da irin naman da aka yi shi da shi ba, ga shi kuma abincin filayen wasa a ƙasar nan da tsada yake. Uwargida ta shirya mana dambun nama da burodi da cincin da dabino, muka sayi gyaɗa da gugguru a ciki saboda yara su ɗanɗani al'adar wurin. Ya kamata kuma mai iyali ya sani cewa ana sayar da giya a filin, kuma harabar da ke jikinsa, wadda ake kira The Battery Atlanta, cike take da gidajen abinci da mashaya da kiɗa. Mun ratsa ta da sauran rana lokacin da iyalai suka fi yawa, kuma a ganina wannan ne lokacin da ya dace da mai yara.

Salla ma tana bukatar tunani tun da wuri. A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Atlanta sai wajen ƙarfe tara saura minti goma, wanda ke nufin magariba za ta riski mutum a tsakiyar wasa. Mun zo da alwalarmu da ƙaramar darduma mai naɗuwa, da lokaci ya yi ni da surukina, wato ƙanen uwargidan, muka sami wani lungu a bene na sama inda ba a yawan wucewa muka yi sallarmu, sannan muka karɓi uwargida ta je ta yi tata. Babu wanda ya tsangwame mu.

Wasan kansa sai an ba shi lokaci kafin ya shiga rai, musamman ga wanda ya tashi da ƙwallon ƙafa inda gudu ba ya tsayawa. Zagaye tara ake yi, a kowane zagaye ƙungiya ɗaya tana bugu ɗaya tana jifa da tsaro har sai an fitar da masu bugu uku, sannan a yi musaya. Mai bugu yana neman ya doki ƙwallon da kulki ya zaga zango huɗu ya dawo inda ya tashi, kuma kowane dawowa maki ɗaya ne. A zagayen farko surukina ya ce mini, "Yaya, ni fa ban ga abin da suke yi ba sai tsayuwa," amma zuwa zagaye na huɗu shi ne yake ƙirga jifa yana hasashen abin da mai jifa zai yi. A nan daɗin wasan yake, wato a dabarar da ke tsakanin mai jifa da mai bugu, ɗaya yana ɓoye niyyarsa ɗaya yana ƙoƙarin karanta ta cikin ƙiftawar ido. Mun dace an doka ƙwallo ta tsallake katanga, bugun da ke ba mai shi maki kai tsaye, filin gaba ɗaya ya miƙe da sowa, kuma ban taɓa ganin ɗana cikin irin wannan farin ciki ba. Tun 2023 aka sa wa mai jifa agogo, wato dole ya yi jifa cikin daƙiƙa 15 idan babu kowa a zango, abin da ya rage tsawon wasa daga sama da awa uku zuwa kamar awa biyu da minti 40, kuma wannan ya taimaki masu ƙananan yara sosai.

Mun zauna a bene na sama ƙarƙashin rumfar da ta lulluɓe layukan baya, inda ake ganin filin gaba ɗaya kuma zafin rana bai dame mu ba. Filin ba shi da rufi, damina kuma a Jojiya takan zo da hadari na ba-zata da yamma, wanda kan sa a dakatar da wasa a rufe tsakiyar fili da tamfol, don haka duba hasashen yanayi da zaɓen kujera mai inuwa suna cikin shiri.

Wanda ya iso da wuri kada ya wuce Monument Garden da ke bayan kujerun tsakiya. A can ne mutum-mutumin Hank Aaron yake, ɗan wasan Braves baƙar fata da ya karya tarihin Babe Ruth, wanda a lokacin ya fi kowa yawan bugun da ke tsallake katanga, ranar 8 ga Afrilu 1974 da bugunsa na 715 da ya tsallake katanga, alhali ana aiko masa da wasiƙun barazana saboda launin fatarsa, ya kuma kammala da 755. An haɗa kulake 755 an zana wannan adadi da su. Na tsaya na ba yarana labarinsa, kuma ina ganin wannan minti goma ya fi musu amfani da duk wani abin da muka saya a daren.

Kasancewar Juma'a ce, an yi wasan tartsatsin wuta bayan an tashi, muka zauna muka kalla har ƙarshe, sannan muka bi ayarin jama'a a hankali zuwa mota, ƙaramar 'yata tana barci a kafaɗar kawunta. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi muka shiga gida. Zuwa na gaba na yi niyyar ya zama wasan ranar Lahadi a watan Satumba, lokacin da zafi ya fara sauka kuma hanyoyi ba su da cunkoson ma'aikata, zan kuma sayi wurin ajiye mota a rana ɗaya da tikiti.